Daidaita Kwamfuta Domin Aikin Malamin Hausa

1.0 Gabatarwa

Kwamfutar da ake sayowa a kasuwa ba da Bahaushe aka shirya ta ba. Tana zuwa ne da haruffa 26 na Ingilishi a kan allon maɓallanta, da ƙamusun Ingilishi a cikinta, kuma duk kalmar da ba ta gane ba sai ta ja mata jan layi a ƙasa tamkar malamin da ke gyaran insha'i. Sai dai maƙeranta sun bar ƙofofi da dama a buɗe domin mai ita ya juya ta ta dace da bukatarsa. Wannan juyawa ita ake nufi da daidaita kwamfuta a wannan babi.

Mafi yawan gyaran ana yin sa ne a cikin babbar manhaja. Manhaja ita ce tarin umarnin da ke sa na'ura ta yi aiki, babbar manhaja kuwa ita ce wadda ke fara tashi da zarar an kunna kwamfuta, kuma ita ke kula da allon maɓallai da fuska da firinta da ma'ajiyar fayiloli. Matsayinta kamar na shugaban makaranta ne, wanda ba ya shiga kowane aji ya koyar, amma shi ke raba azuzuwa da jadawali da kayan aiki. Fitattu daga cikin manyan manhajoji su ne Windows na kamfanin Microsoft, da macOS na kamfanin Apple, da kuma Linux. Da yake Windows ce ta fi yawa a makarantu da ofisoshin Nijeriya, a kanta mafi yawan misalan za su tsaya. Sauran manhajoji irin su Word da Excel a ƙarƙashinta suke zaune.

Jihar Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun a farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka buɗe cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure wadda aka fi sani da Informatics, ban da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke garin. Haka kuma daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta. Saboda haka ɗalibin da ya kammala karatun malanta a Gumel, aka tura shi koyarwa Kanya Babba da ke Ƙaramar Hukumar Ɓaɓura, ko Roni, ko Gwiwa, da wuya ya tsere wa buga tambayoyin jarrabawa da tsarin darasi da sakamakon ɗalibai a kwamfuta. Abin tambaya shi ne ko Hausar da zai buga za ta fito yadda ya koyar da ita a allo.

2.0 Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

Rubutun boko na Hausa yana da haruffan da babu su a Ingilishi, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma 'y wanda a Jamhuriyar Nijar ake rubuta shi ƴ. Ba da ƙugiya aka fara rubuta su ba. A ƙa'idojin da Hans Vischer, wanda Hausawa suka sani da Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, alama ake sa wa harafin a gefe domin a bambanta shi da ɗan'uwansa. A cikin shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya suka shigo, suka kuma zauna da gindinsu ta hanyar littattafan Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939.

Ƙugiyar nan ba ado ba ce. Ita ke raba kafa da ƙafa, da baki da baƙi, da fada da faɗa, da bari da ɓari, da kare da ƙare. Babban mutum da ya saba karatu yakan gane abin da ake nufi daga sauran jumla, amma yaron da yake aji ɗaya na ƙaramar sakandare abin da ya gani a takarda shi yake ɗauka daidai, musamman idan daga hannun malaminsa takardar ta fito. Ga shi kuwa ƙa'idojin rubutu suna cikin abin da ake ba wa maki a jarrabawar insha'i.

Da kwamfuta ta shigo, sai aka tarar babu waɗannan haruffa a cikinta. Maganin da aka fara samu shi ne ƙera zubin haruffa na musamman, wato abin da masu buga takardu ke kira font. A cikin shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da irin wannan zubi, kuma Rabi'at da Abdalla sun yi suna ƙwarai a tsakanin marubuta da maɗaba'u da sassan Hausa na manyan makarantu. Aiki ne da ya fitar da Hausa kunya a lokacin da babu wata mafita, kuma littattafai da kundayen bincike masu yawa da shi aka buga su.

Dabarar irin waɗannan zube-zube ita ce aron gurbi. Da yake daidaitacciyar Hausa ba ta amfani da q da v da x, sai a zana ƙ a gurbin q, a zana ɓ a gurbin v, a zana ɗ a gurbin x. Wasu zubin kuma gurbin alamomin baka suke ara, irin su } da ]. Ke nan abin da ido yake gani ƙ ne, amma abin da kwamfuta ta ajiye a cikinta q ne wanda aka sa wa rigar ƙ. Muddin rigar tana nan, lafiya lau. Da zarar an kai fayil ɗin wata na'urar da ba ta da wannan zubi, sai rigar ta faɗi. Alal misali, malami ya kwana yana buga tambayoyi a Kanya Babba, ya ɗauki filashi ya tafi shagon buga takardu a Ɓaɓura ko Kazaure, sai a miƙo masa kofe ɗari biyu da ke cewa "kowane xalibi ya rubuta sunan qauyensu". Kuɗin takarda ya tafi, jarrabawa kuma gobe ce. Haka nan idan aka nemi kalmar ƙasa a cikin irin wannan fayil, kwamfuta za ta ce babu, domin ita qasa ta sani.

2.1 Tsarin Unicode

Maganin dindindin ya zo ne daga wata yarjejeniya ta duniya mai suna Unicode, wadda aka fara fitarwa a 1991. Manufarta ita ce a ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa shi kaɗai, ta yadda duk na'urar da ta ga lambar za ta san harafin, ko a Kano take ko a Sin. Haruffan Hausa suna da nasu lambobin kamar haka:

ɓ 0253, Ɓ 0181
ɗ 0257, Ɗ 018A
ƙ 0199, Ƙ 0198
ƴ 01B4, Ƴ 01B3

A wannan tsari ƙ ba aron gurbin kowa ya yi ba, gidansa ne. Aikin zubin haruffa ya koma zana shi kawai. Times New Roman da Arial da Tahoma da ke zuwa da Windows tun daga Vista suna ɗauke da waɗannan haruffa. Akwai kuma zubin da ƙungiyar SIL ke bayarwa kyauta, irin su Charis SIL da Doulos SIL da Andika. Shi Andika an zana shi ne musamman domin masu koyon karatu, don haka ya dace da katunan haruffa da takardun 'yan firamare. Idan aka ga ɗan akwati a wurin da harafi ya kamata ya fito, ba rubutun ne ya lalace ba, zubin da aka zaɓa ne ba shi da harafin, kuma sauya zubi ya wadatar.

Wajibi ne a kiyayi haruffan da suka yi kama da na Hausa alhali ba su ba ne. Akwai đ da Ð da ķ waɗanda na wasu harsuna ne, kuma mai gaggawa yakan ɗauko su daga jerin alamomi yana zaton ya dace. Duba lambar harafi ita ce ke raba gardama.

3.0 Hanyoyin Shigar da Haruffan

Hanya mafi sauƙin farawa ba ta bukatar a girka komai. A cikin Word, idan aka rubuta lambar harafi, misali 0199, sannan aka danna Alt tare da X, nan take lambar za ta rikiɗe ta zama ƙ. Manhajar LibreOffice ma tana yin haka. Amma akwai tarko a ciki. Lambobin Unicode suna haɗawa da haruffan a zuwa f, don haka mai son rubuta haɗa, idan ya buga ha ya bi shi da 0257, kwamfuta za ta ɗauki a ɗin a matsayin farkon lambar, ta fito da abin da ba shi ake nema ba. Maganin shi ne a sa U+ kafin lambar, wato haU+0257, sannan a danna Alt da X. Wannan hanya ta taimako ce a na'urar aro, ba wadda za a buga shafi goma da ita ba.

Ta biyu ita ce a ware wa kowane harafi maɓallinsa a cikin Word. Ana shiga Insert, a zaɓi Symbol, sannan More Symbols, a nemo harafin, a danna Shortcut Key, a ba shi haɗin maɓallan da ake so. A nan a guji haɗa Ctrl da B ko D ko K, domin duk suna da aikinsu tun asali, Ctrl da B ma shi ne na kaurara rubutu. Akwatin yakan nuna idan haɗin da aka zaɓa yana da mai shi. Aibin wannan hanya shi ne a cikin Word kaɗai take aiki. Da an koma Excel domin rubuta sunayen ɗalibai, ko an so a sa wa fayil suna, ko a aika saƙon imel, sai a koma gidan jiya.

Wannan ne ya sa gyaran da ya fi kowanne shi ne wanda aka yi a babbar manhaja, wato a ƙara wa kwamfutar shimfiɗar maɓallai ta Hausa. Windows tana ɗauke da irin wannan shimfiɗa a cikinta, illa dai ba a kunna ta ba. A Windows 10 da Windows 11 ana buɗe Settings, a shiga Time and language, a je sashen harshe, a danna Add a language, a rubuta Hausa a zaɓe ta. Daga nan wata 'yar alama za ta bayyana kusa da agogo tana nuna harshen da allon maɓallai yake kai, kuma danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara yana sauyawa tsakanin Ingilishi da Hausa. Domin a ga inda kowane harafi yake, sai a buɗe On-Screen Keyboard, wato hoton allon maɓallai da ke fitowa a fuska, a riƙe Alt na hannun dama, haruffan da ke ɓoye za su bayyana. Wanda shimfiɗar ba ta yi masa ba yana iya girka Keyman, manhajar kyauta ta SIL mai ɗauke da shimfiɗu na harsuna masu yawa, ko ya tsara tasa da Microsoft Keyboard Layout Creator. Linux ma tana da shimfiɗar Hausa ta Nijeriya da ta Gana. Amfanin wannan hanya shi ne sau ɗaya ake yin ta, kuma duk manhajar da ke cikin na'urar ta amfana.

Kada a rikita wannan da fassara fuskar kwamfuta. Microsoft ya taɓa fitar da fassarar Hausa ta umarnin da ke bayyana a fuskar Windows 7 da Windows 10, kuma abu ne mai daɗin gani da ke nuna wa ɗalibai cewa harshensu yana iya ɗaukar fasaha. Amma fassarar fuska daban, iya buga ƙ daban, kuma na biyun ne malami ba zai iya aiki ba sai da shi.

Mai koyar da tsarin sauti yana da ƙarin bukata, domin yakan nuna karin sauti da tsawon wasali. Unicode ya tanadi alamomin da ke hawa kan harafin da ya gabace su: 0300 domin karin sauti na ƙasa, 0302 domin faɗau, 0304 kuma domin layin da ke nuna dogon wasali. Tarkon nan na a da e yana nan, saboda haka a riƙa sa U+ a gabansu. Charis SIL da Doulos SIL sun fi iya ɗora alama biyu a kan wasali ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba.

4.0 Hana Kwamfuta Shisshigi

Word tana da ɗabi'ar gyara wa mutum rubutu ba tare da ta tambaye shi ba, kuma da ma'aunin Ingilishi take gyaran. Kalmar i ta amsawa, idan ta tsaya ita kaɗai, sai ta mayar da ita babban harafi domin ta zaci wakilin sunan Ingilishi ne. Alamar da ke farkon 'ya'ya ko 'Yankwashi kuwa takan juya ta ta fuskanci dama, domin ta ɗauka za a buɗe zance ne. Ana kashe waɗannan ta shiga File, sannan Options, sannan Proofing, a buɗe AutoCorrect Options, a goge gyaran da ba a so, a kuma cire alamar da ke kan sauya miƙaƙƙun alamomin zance zuwa lanƙwasassu. Shi kuma jan layin da ke cika shafi, ana raba shi da takarda ta zaɓar rubutun duka da Ctrl da A, a shiga Review, a zaɓi Language, a sanar da ita cewa rubutun Hausa ne ko kuma kada ta duba shi.

Wannan AutoCorrect ɗin da ke ɓarna ana iya sa shi aikin kirki. Malami yana iya koya masa cewa duk inda aka buga wasu haruffa uku da ya zaɓa, a mayar da su cikakken sunan makaranta ko umarnin da ake maimaitawa a saman kowace takardar jarrabawa.

4.1 Tsofaffin Fayiloli

Sabon malami yakan gaji tarin tambayoyi da bayanan darasi da aka buga da tsohon zubi. Ba sai an sake buga su ba. Danna Ctrl da H yana buɗe akwatin nema da musanyawa, inda za a ce a mayar da kowane q ya zama ƙ, x ya zama ɗ, v ya zama ɓ. Dole a kunna Match case, a yi ƙananan haruffa daban, manya daban, in ba haka ba Ƙ da ƙ za su cakuɗe. Kafin a fara a ajiye kofen asali a gefe.

A nan ne mutane da yawa suke zamewa. Wanda ya danna Replace All a kan fayil gaba ɗaya, kalmomin Ingilishi da ke ciki ma ba za su tsira ba, shi ya sa ake cin karo da Uniɓersity da Oɗford da Daɓid a jerin manazarta na wasu kundaye. Lambobin Romawa su ma sukan shiga ciki, a ga tambaya ta iv ta koma iɓ. Abin da ya dace shi ne a zaɓi sashen Hausa kaɗai kafin a musanya, sannan a bi takardar da ido daga farko har ƙarshe.

Idan an gama, takardar da za a kai shago a buga a ajiye ta a matsayin PDF ta hanyar Save As. Wannan nau'i yana tafiya da zubin haruffansa da tsarin shafinsa, don haka abin da aka gani a gida shi zai fito a firintar shago.

5.0 Saurin Aiki da Tsaron Aiki

Hannun da ke yawan barin allon maɓallai ya tafi neman linzami yana ɓata lokaci. Kaɗan daga haɗe-haɗen maɓallai sun isa su sauya tafiyar aiki: Ctrl da S domin ajiyewa, Ctrl da Z domin janye kuskure, Alt da Tab domin tsallakawa daga wannan taga zuwa waccan, maɓallin Windows da E domin buɗe ma'ajiyar fayiloli, Windows da L kuma domin kulle na'ura idan za a fita. Windows da V yana nuna jerin abubuwan da aka kwafa a baya, sai dai a karon farko sai an kunna shi. Manhajojin da ake buɗewa kullum a maƙala su a layin ƙasan fuska, sauran tarkacen da suka cika fuskar a kwashe su zuwa jakunkuna. Jaka ɗaya ga kowace shekarar karatu, a cikinta zango uku, a cikin kowane zango azuzuwa, ta fi fayil hamsin masu suna "sabo" da "sabo na biyu".

A garuruwa irin su Kanya Babba, inda ake yawan dogaro da janareta ko sola, wuta ita ce abin lura na farko. Word takan yi ajiyar ko-ta-kwana duk minti 10, kuma ana iya rage wannan zuwa minti 2 ko 3 a sashen Save na Options. Rage hasken fuska yana ƙara wa batir kwana. Ya kamata kuma a san bambancin Sleep da Hibernate. Na farko yana riƙe aikin a ƙwaƙwalwar wucin gadi yana shan batir kaɗan-kaɗan, na biyu kuwa yana rubuta shi a ma'ajiya ya kashe na'urar ɗungurungum, don haka shi ya fi dacewa idan ba a san ranar dawowar wuta ba. Na'urar da ke nauyin tashi sau da yawa manhajoji ne suka yi mata yawa a bakin ƙofa. Danna Ctrl da Shift da Esc yana buɗe Task Manager, inda sashen Startup ke nuna su, a kashe waɗanda ba a bukata.

Kwamfutar makaranta ta mutane da yawa ce, kuma tambayoyin jarrabawa sirri ne. Saboda haka kowane malami ya samu nasa asusun shiga da kalmar sirrinsa, ɗalibai kuma a ba su asusun da ba shi da ikon girka manhaja. A lura cewa shimfiɗar maɓallai da gyare-gyaren Word suna bin asusu ne, don haka wanda ya buɗe sabon asusu sai ya sake kunna Hausa a cikinsa. Filashin da ya je shagon buga takardu kuwa a bincike shi da manhajar kariya kafin a buɗe, domin ta nan ne cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu take yawan shigowa. Sa ma'ajiyar fayiloli ta riƙa nuna ƙarshen sunan kowane fayil yana taimakawa, domin takardar Word da docx take ƙarewa, wadda ta ƙare da exe kuwa manhaja ce ko da ta sa hoton takarda.

Yawancin na'urorin da ke makarantu sun kwana biyu. Microsoft ya daina aika wa Windows XP gyaran tsaro a 2014, ya daina wa Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma sanya 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10. Na'urar da ba za ta iya ɗaukar Windows 11 ba tana iya ci gaba da buga takardu idan an nisanta ta da intanet, ko kuma a girka mata wani nau'in Linux mara nauyi tare da LibreOffice, waɗanda duka kyauta ne. Fayilolin da aka rubuta da haruffan Unicode za su buɗe a can da ƙugiyoyinsu cif, ba tare da an sake taɓa ko harafi ɗaya ba.